Me Ya Sa Babu Taurari A Hotunan Sauka Kan Wata? Gwada Da Kyamarar Wayarka

Duk bayan ɗan lokaci sai wani gajeren bidiyo ya sake zagayowa a TikTok ko a zaurukan WhatsApp. Hoton ɗan sama jannati ne sanye da fararen kaya, yana tsaye kusa da tutar Amurka, an bi hoton da jan layi an zagaye wurare uku ko huɗu. Mai bayani sai jero tambayoyi yake yi: ina taurari? Me ke kaɗa tuta alhali babu iska a wata? Me ya sa wannan inuwar ta yi nan, waccan ta yi can? Daga nan sai ya yanke hukunci, wai a sutudiyo aka haɗa komai.

Ni ma na taɓa gaskata irin wannan bidiyo, har na tura wa wasu. Na fara canza tunani ne ranar da na shiga sashen Pro na kyamarar wayata ina wasa da saitin haske, sai na ga da hannuna ina iya ɓatar da taurari daga hoto, ina kuma iya dawo da su. A nan na gane cewa yawancin waɗannan tambayoyin a kan aikin kyamara suke. Wanda ya san yadda kyamara ke kama haske zai iya amsa su da kansa. Shi ya sa a wannan kasida za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, tare da gwajin da za ka iya yi da wayar da ke hannunka. Gani ya kori ji.

Abin da ake jayayya a kai

Ranar 20 ga Yuli, 1969 kumbon Apollo 11 ya sauka a wata ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, shi kuma Michael Collins ya tsaya a uwar kumbon yana kewaya watan. Daga nan zuwa Disamba 1972 hukumar NASA ta saukar da mutane sau 6, wato Apollo 11, 12, 14, 15, 16 da 17. Mutum 12 ne suka taka watan, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382, da hotuna dubbai.

Shakkar kuwa ta samu gindin zama ne a 1976, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Bill Kaysing ya fitar da littafinsa We Never Went to the Moon. A 2001 tashar talabijin ta Fox ta yi wani shiri da ya yaɗa zargin ga miliyoyin masu kallo. Idan ka lura, kusan duk abin da bidiyoyin yau ke zagayewa da jan layi, daga can aka gado shi. Tsofaffin tambayoyi ne aka sake musu riga.

Kyamarar da suka tafi da ita

Kafin mu shiga tambayoyin, ya kamata ka san na'urar da ta ɗauki hotunan. Kyamara ce ta kamfanin Hasselblad na ƙasar Suwidin, gilashin idonta na kamfanin Zeiss ne, fim ɗinta kuma na Kodak mai faɗin milimita 70. A ƙirjin rigar ɗan sama jannatin ake maƙala ta. Ba ta da allon da zai leƙa ya ga abin da yake ɗauka, sai dai ya juya jikinsa ya fuskanci abin ya danna. Da hannu yake saita haske da nisa, hannun kuma yana cikin safa mai kauri. Da suka tashi dawowa sai suka cire akwatunan fim suka bar kyamarorin a can, don a rage nauyi a samu wurin duwatsu.

Ina taurari?

Da ka ga sama baƙi ƙirin sai ƙwaƙwalwarka ta ce dare ne, tunda haka muka saba a duniya. Amma a wata babu iskar da za ta watsa hasken rana ta mayar da sama shuɗiya, saboda haka ko da rana tsaka saman baƙi ne. Dukkan saukar guda 6 da safiyar wata aka yi su, rana tana haska ƙasa da fararen rigunansu ba tare da gajimare ko ƙura sun rage mata ƙarfi ba.

To kyamara tana da wani ƙyaure da ke buɗewa ya bar haske ya shiga, sannan ya rufe. Idan abin da za ka ɗauka yana da haske sosai, dole ƙyauren ya rufe da sauri, in ba haka ba hoton zai fito fari fat. Galibin hotunan wata an ɗauke su ne da saurin 1/250, wato kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Hasken tauraro kuwa ɗan mitsitsi ne, yana buƙatar ƙyauren ya daɗe a buɗe na daƙiƙoƙi kafin ya bar alama a fim. Kyamara ɗaya a ɗauka ɗaya ba za ta iya haɗa biyun ba.

Ga gwajin. Da daddare, ranar da sama ta washe kana ganin taurari da idonka, ka tsayar da abokinka mai farar riga a ƙarƙashin fitilar titi. Shiga kyamara, zaɓi Pro. Za ka ga harafin S, shi ne saurin ƙyauren, da kuma ISO, wato yadda kyamarar ke jin haske. Sa S a 1/250, ka daidaita ISO har rigar ta fito da kyau, ka ɗauka da sama a bayansa. Ba za ka ga tauraro ko ɗaya ba. Yanzu jingina wayar da bango yadda ba za ta motsa ba, ka kai S daƙiƙa 10 ko 15. Taurari za su fito, amma abokin naka ya zama dunƙulen haske, ko fuskarsa ba za ka gane ba.

Kuma an ɗauki taurari daga wata. A 1972 Apollo 16 ya tafi da wata kyamara ta musamman da masanin kimiyya George Carruthers ya ƙera. Aka girke ta a inuwar kumbon, tana barin ƙyaurenta a buɗe na dogon lokaci, ta ɗauko taurari da duniyarmu a wani nau'in haske da ido ba ya gani.

Inuwoyin da suka saɓa

Masu shakka sun ce idan rana ce kaɗai ke haskawa, ya kamata dukkan inuwoyi su nufi waje guda. Da suka ga sun saɓa sai suka ce akwai fitilu da yawa, kamar a sutudiyo.

Duk mai kallon ƙwallo ya san amsar wannan. Idan ana wasa da daddare a filin da ke da fitilu a kusurwa huɗu, dubi ƙafafun ɗan wasa: inuwa huɗu za ka gani ta fito daga mutum ɗaya. Haka fitilu da yawa ke yi. A hotunan wata kuwa kowane dutse da kowane mutum inuwarsa ɗaya ce tal. Fitila ɗaya ce ke nan.

Saɓanin da ake gani yana da dalili biyu. Na farko, hoto shafe yake, amma fili yana da nisa da kusa. Tsaya a tsakiyar layin dogo ka duba gaba, za ka ga ƙarafunan biyu kamar za su haɗe a can nesa, alhali ka san ba su haɗuwa. Na biyu, ƙasar wata cike take da tudu da kwari, kuma rana tana ƙasa-ƙasa a lokacin, inuwoyin dogaye ne. Inuwar da ta hau tudu ko ta faɗa rami dole ta lanƙwashe. Ka gwada da hantsi ko bayan la'asar: kafa sanduna uku a fili mai tudu da gangare, ɗaya kusa da kai, ɗaya nesa, ɗaya a gefe, ka ja da baya ka ɗauka. Sai ka zana layi a kan kowace inuwa ka ga ko sun tafi a jere.

Yana cikin inuwa amma ana ganinsa

Akwai hoton Aldrin yana saukowa daga tsani, a gefen kumbon da rana ba ta kaiwa, amma rigarsa ta fito fes. Aka ce wannan fitilar sutudiyo ce.

Shiga ɗakinka da rana ka buɗe ƙofa. Rana ba ta shigo ciki kai tsaye ba, amma kana ganin komai, saboda hasken ya daki tsakar gida da bango ya dawo. Ƙasar wata ma haka take yi, kuma shaida ita ce daren sha huɗu, lokacin da hasken da take mayarwa ke isowa har nan daga nisan kilomita 384,400 ya haska mana hanya.

A 2014 kamfanin Nvidia mai ƙera katin hoto na kwamfuta ya sake gina wannan wurin a manhaja don ya tallata ƙarfin sabon katinsa. Injiniyoyin suka sa rana ita kaɗai a matsayin fitila, suka bar kwamfuta ta lissafa yadda haske ke dukan abu ya dawo. Aldrin ya fito a haske, amma bai kai na ainihin hoton ba. Sai da suka ƙara Armstrong, wanda ke tsaye a rana da farar riga yana ɗaukar hoton, sannan hasken ya yi daidai. Ashe rigar mai ɗaukar hoton ma tana mayar da haske, kamar farin allon da masu ɗaukar hoton biki ke riƙewa kusa da amarya.

Tutar da ke kaɗawa

Injiniyoyin NASA sun san babu iska a wata, sun kuma san tuta za ta zube ta manne da sanda. Don haka suka ɗinka mata aljihu a gefen sama, suka zura ƙarfe a ciki ya riƙe ta a buɗe, kamar ƙarfen labule. Zuƙo hoton da yatsunka za ka ga ƙarfen. A Apollo 11 ƙarfen ya ƙi miƙewa har ƙarshe, ga kuma tutar ta daɗe a naɗe, shi ya sa ta fito a tattare kamar iska na kaɗa ta.

Hoto guda ba ya nuna motsi. Akwai hotuna biyu da aka ɗauka a jere na Aldrin a gaban tutar: a tsakaninsu shi ya motsa, amma lanƙwasar tutar tana nan yadda take. A bidiyo kuwa tutar tana lilo ne lokacin da suke murza sandar don ta shiga ƙasa, kuma takan ɗan jima tana lilon saboda babu iskar da za ta tare ta.

Alamomin da suka ɓuya a bayan kaya

Idan ka duba hotunan da kyau za ka ga ƙananan alamomin + a jere. A jikin wani gilashi suke da aka sa a gaban fim, don masana su iya auna nisa da girma daga hoton. A wasu hotunan sai ka ga kamar alamar ta shige bayan wani abu, sai aka ce an liƙa abin ne daga baya.

Ka lura da inda hakan ke faruwa: kullum a kan abu mai tsananin fari ne da rana ta daka. Layin siriri ne ƙwarai, haske mai ƙarfi kuwa yana malala ya cinye shi. Miƙe baƙin zare a gaban ƙwan lantarki ka ɗauka, za ka ga zaren ya yanke a daidai ƙwan ya ci gaba a ɗaya gefen. Ƙari a kan haka, hoton da ke yawo a waya an kwafe shi an matse shi sau da yawa. Ka san yadda hoto ke dusashewa idan ya bi ta WhatsApp sau biyar. A kwafin da aka ɗauko daga ainihin fim, yawanci layin yana nan, ya dai dushe.

Inda masu shakka suka yi gaskiya

Wasu sun ce hotunan sun yi kyau fiye da kima ga mutumin da ba ya ganin abin da yake ɗauka. Tambaya ce mai ma'ana. Amma abin da jaridu suka buga zaɓaɓɓu ne, kamar yadda kai ma za ka ɗauki hoto 20 ranar Sallah ka ɗora guda ɗaya. A 2015 wani shiri mai suna Project Apollo Archive ya ɗora hotuna sama da 8,000 a shafin Flickr. Shiga ka gani: akwai karkatattu, akwai dusassu, akwai waɗanda rana ta ɓata, akwai waɗanda aka danna bisa kuskure.

Gaskiya ne kuma an taɓa wasu hotunan kafin a buga su. Hoton da ya fi shahara, wanda Aldrin ke tsaye ana ganin Armstrong a gilashin hularsa, a asalinsa saman Aldrin ya kai bakin hoton, babu fili a sama. Wanda aka raba wa duniya an ƙara masa baƙin fili a sama don ya zauna daidai. Ana gane haka ne saboda asalin yana nan kowa na iya kwatantawa. Haka nan a 2009 NASA ta amsa cewa kasakasan da aka naɗi ainihin siginar talabijin ta Apollo 11 a kansu an goge su an sake amfani da su. Sakaci ne babba. Amma waɗannan kasakasan bidiyo ne, kwafin da aka watsa wa duniya yana nan, su kuma ainihin finafinan hotunan suna ajiye cikin sanyi a cibiyar NASA da ke Houston.

Wayarka ma tana ƙara wa wata kwalliya

Dalilin da ya sa matashin yau ke saurin yarda da zargin a fili yake: mun taso a zamanin da hoto ke ƙarya. A Maris 2023 wani mai amfani da Reddit ya ɗauko hoton wata, ya dusar da shi da gangan, ya buɗe shi a allon kwamfuta, ya kashe fitila, ya ɗauka da wayar Samsung Galaxy daga nesa. Wayar ta fito da wata mai ramuka da zane-zanen da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa idan kyamarar ta gane wata ne a gabanta, ƙirƙirarriyar basira ce ke ƙara wa hoton kaifi.

Sai dai wannan ƙarfin na yau ne. Kyamarar dijital ta farko an haɗa ta ne a 1975 a kamfanin Kodak. Photoshop bai fito kasuwa ba sai 1990. Kwamfutar da ta tuƙa kumbon Apollo ma'adanar aikinta kusan kilobait 4 ce, ko sitika ɗaya ta WhatsApp ba za ta ɗauka ba. Wanda zai yi jabu a 1969 sai dai ya gina fili ya kunna fitila ya ɗauka da fim. A nan kuma zai ci karo da abin da ba a iya ɓoyewa. A bidiyon motar Apollo 16, ƙurar da tayoyi ke watsawa tana tashi ta faɗo nan take, ba ta tsayawa ta yi hazo kamar yadda take yi a bayan babur a hanyar ƙauye. A Apollo 15 kuma David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare. Duka biyun sai a inda babu iska.

Shaidar da ba ta fito daga NASA ba

Wani zai ce duk wannan ai daga bakinsu ne. To mu duba waje. A lokacin Tarayyar Sobiyet ce abokiyar gasar Amurka, tana da na'urorin bibiyar kumbo, har ma kumbonta marar matuƙi, Luna 15, yana kewaya wata a daidai kwanakin Apollo 11, ya kuma faɗi a can ranar 21 ga Yuli. Cibiyar Jodrell Bank ta Ingila ta bibiyi kumbunan biyu. Tashoshi a Ostareliya ne suka karɓi hoton talabijin na takun farko. Da a ce ƙarya ce, babu wanda zai fi Sobiyet murnar tona ta, amma ba ta taɓa musantawa ba. Duwatsun ma sun yi magana: kumbunan Sobiyet marasa matuƙi sun kawo kimanin gram 300 na ƙasar wata, masana suka kwatanta da na Apollo suka ga sun dace.

Me ya hana a leƙa da madubin hangen nesa a ga tutar? Nisa ne. Ko madubin Hubble ba ya iya rarrabe abin da bai kai girman filin ƙwallo ba a kan wata, balle zuƙowar waya. Sai an matsa kusa, kuma an matsa. Kumbon LRO na NASA, wanda aka harba a 2009, ya sauko har kimanin kilomita 21 daga ƙasar wata a 2011, ya ɗauko gindin kumbunan da aka bari da sawun ƙafa da na tayoyi. A 2008 kumbon Kaguya na Japan ya auna tsaunukan wurin da Apollo 15 ya sauka, siffarsu ta yi daidai da hotunan 1971. A 2021 kumbon Chandrayaan-2 na Indiya ya ɗauko wuraren saukar Apollo 11 da 12, ga gindin kumbunan nan zaune da inuwarsu.

Abin da za ka riƙe

Yin tambaya a kan hoto ɗabi'a ce mai kyau, kuma a wannan zamani na hotunan ƙirƙirarriyar basira za ka buƙace ta kullum. Matsalar ita ce ka tsaya a tambayar, ka bar mai jan layi ya amsa maka. Ni a wajen rubuta manhaja na koyi cewa idan na zargi wani layi da kawo matsala, zargin bai isa ba sai na gwada, kuma sau da yawa gwajin kan nuna laifin a wani wuri yake.

Don haka duk hoton da aka turo maka, na wata ne ko na wani ɗan siyasa ko na wani rikici, ka yi masa tambaya uku. Ina asalinsa, kafin a yanke shi a matse shi? Abin da aka ce ba zai yiwu ba, zan iya gwada shi? Akwai wani daban, musamman abokin hamayya, da ya tabbatar ko ya ƙaryata? Google Lens zai taimaka maka a ta farko, sashen Pro na kyamararka a ta biyu.

Yau da daddare, idan sama ta washe, ka fita da abokinka mai farar riga ku yi gwajin taurarin. Ka ajiye hotunan biyu a wayarka. Ranar da bidiyon nan ya sake zagayowa zaurenku, sai ka tura musu su ka ce kowa ya gwada da tasa.